Gaban Hilux ɗina ya nutse bayan na sa bamba da winci, sifesa zan sa ko me?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux 2012 mai ƙofa huɗu, 4x4. Tun asali gabanta ya ɗan fi bayanta ƙasa amma abin bai taɓa damuna ba, to kwanan nan na ɗaura mata bamba na ƙarfe da winci (injin jan mota da igiya) sai gaban ya ƙara nutsewa, in ka tsaya daga gefe ka kalle ta sai ka ga kamar zata ci da baki. Kuma in na faɗa rami ina jin gaban yana dukan ƙasa da ƙarfi, da ba haka take ba. Wani yace in sa sifesa (faifan da ake sawa don ɗaga mota) inci 2 a saman shokazoba shikenan, wani yace a ɗaure toshan ba (sandar ƙarfe da ke aikin sifirin a gaban wasu motoci), wani kuma yace sai dai in canza sifirin da shokazoba gaba ɗaya. Hanyar da nake bi rabi kwalta rabi daji ce, akwai gargada da kwazazzabai, kuma wani lokacin ina yin lodi a baya. So nake gaba da baya su daidaita. Dan Allah masu sani a taimaka.

Direba_Nura:
Wa alaikumus salam. Toshan ba za a ɗaure maka oga, noti ɗaya ne kowane gefe a ƙarƙashin mota, a juya shi gaban ya tashi. Ba sai ka sayi komai ba.

Injiniya_MS:
@Direba_Nura Hilux 2012 ba ta da toshan ba malam. Daga samfurin 2005 da ake kira Vigo zuwa Revo na 2015 duk sifirin mai murɗi ne a jikin shokazoba. Masu toshan ba su ne na kafin nan, da irin su Land Cruiser 100 da Nissan D22 da tsohuwar Pajero. Duk wanda ya shiga ƙarƙashin motar Baban_Ilham neman notin toshan ba sai dai ya kwana a can.

Direba_Nura:
Tawa 2002 ce kuma tana da shi, ni dai shi na sani.

Injiniya_MS:
Eh taka tana da shi, tasa ce babu.

@Baban_Ilham kafin ka sayi komai ka fara awo, don matsala biyu ce ka haɗa waje ɗaya. Ta farko ba ma matsala ba ce, kamfani da gangan yake ɗaga bayan a-kori-kura ya fi gaba da inci 1 zuwa 2 ko fiye, saboda in ka yi lodi bayan ya sauka motar ta daidaita. Ta biyu ita ce nutsewar da bamba da winci suka jawo, wannan kam ita ce ta gaske. Bamba na ƙarfe da winci in ka haɗa su cikin sauƙi zasu kai kilo 80 zuwa 100, kuma ba a kan taya nauyin yake zaune ba, can gaba da taya yake rataye, don haka abin da sifirin yake ji ya fi nauyin nasu, har ma bayan motar yana ɗan ɗagawa.

Yadda zaka auna: ka samu fili shimfiɗaɗɗe, tanki cike, iskar taya daidai duka huɗun. Ka sa tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, miƙe sama. Kada ka auna daga ƙasa don taya zata ruɗe ka, wata ta ci wata iskarta ta ragu. Ka rubuta duka huɗun ka kawo mana.

Sadik_Revo:
Ni fa sifesa na sa a tawa kuma lafiya lau nake yawo, mutane suna son tsorata mutum ne kawai. Motar ta yi kyau wlh

Oga_Kanikawa:
Sadik kai ai ba ka da bamba ba ka da winci kuma na tabbata tayarka ba ta san daji ba. Sifesa a motar da ke yawo a kwalta ba laifi, zai yi shekaru ba ka ji komai ba. Amma shi maganarsa daban, sifirin ɗinsa ya riga ya danne saboda nauyi, in ka ɗora sifesa a sama ka ɗaga bodi ne kawai, sifirin yana nan a danne yadda yake, kuma dukan da yake ji in ya faɗa rami ba zai daina ba, zai ma iya ƙaruwa. Dalili kuwa sifesan sama yana tura shokazoba ƙasa gaba ɗayansa, to in taya ta hau sama da ƙarfi shokazoban na iya ƙurewa kafin hannun ƙasa ya taɓa robar da aka sa ta tare shi, kaga duk dukan a kan shokazoba zai ƙare. Na sha kwance shokazoba da ya lanƙwashe daga ƙasa saboda wannan.

Sadik_Revo:
To oga ai ba kowa ne ke tsalle da mota ba 😂

Oga_Kanikawa:
Ba sai ka yi tsalle ba, rami ɗaya da gudu ya isa.

Maman_Hanif_Prado:
Ina bin wannan magana don nima Prado 120 gare ni ta aiki kuma daji muke shiga da ita. Tambayata ita ce, shi sifesa inci 2 da ake faɗa, kaurinsa ne inci 2 ko ɗagawar da zai yi? Don na ga wani da aka rubuta inci 2 a kwalinsa amma da na riƙe shi a hannu bai fi inci 1 da ɗan wani abu ba, har na ɗauka cuta ce.

Injiniya_MS:
Hajiya ba cuta ba ce. Shokazoba ba a bakin taya yake zaune ba, a tsakiyar hannun ƙasa yake, tsakanin inda hannun ya kama shasi da inda ya kama taya. Don haka duk abin da kika ƙara a wajen shokazoba, a wajen taya yana ninkuwa kusan sau ɗaya da rabi zuwa biyu, ya danganta da mota. Sifesa mai kaurin milimita 25 zuwa 30 shi ke bada ɗagawar kusan milimita 50, wato inci 2. Inda ake shiga uku shi ne mutum ya je wajen mai tonin ƙarfe yace a yanka masa mai kaurin inci 2 cif, sai a wayi gari gaban ya tashi inci 3 da rabi ko 4, shaf ya karkace, boljoyin (mahaɗin da ke tsakanin hannu da taya) ya ƙure.

Maman_Hanif_Prado:
Allah ya saka da alheri injiniya, yanzu na gane.

Kawu_79:
Duk wannan wahalar ta masu mota mai hannuwa ce, wato wadda kowace tayar gaba ke da nata hannuwan. Ku sayi mota mai aksil guda a gaba ku huta. Land Cruiser 79 ko 80 ko 105, ko Patrol Y61. Ka cire sifirin ka sa mai tsawo, an gama. Babu shaf da zai karkace babu afa-am (hannun sama) da zai daki sifirin.

Abba_Tacoma:
Kawu ya zo 😂 duk inda ake maganar mota sai ya kawo 79

Injiniya_MS:
Kawu ranka ya daɗe ba a gama ba fa. Aksil guda ma in ka ɗaga shi yana da nasa. Kasta, wato karkatar da ke dawo da sitiyari tsakiya, tana raguwa saboda hannuwan da ke riƙe da aksil sun karkata, sai an sa bushin ɗin gyaran kasta. Sandar da ke riƙe aksil ta gefe, panhad, tana jan aksil ɗin ya koma gefe ɗaya, in ɗagawar ta yi yawa sai an sa mai daidaitawa. Tiyon birki ma sai ka duba ko tsawonsa ya isa in taya ta sauka. Masu Jeep Wrangler su ne zasu baka labarin karkarwar sitiyari in wani bushin ya saki. Sannan abu ɗaya da mai hannuwa ta fi: in ka ɗaga gaban Hilux, difa ɗin gaba yana tashi tare da shasi, ka samu ƙarin tsawo daga ƙasa a gaba. A 79 ko ka ɗaga inci 4 difa yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Kawu_79:
Yaro na fara tuƙi a daji kafin a ƙera Vigo. Inci 2 a 79 ba ya buƙatar duk wannan lissafin naka. Kuma in ana maganar taya ta sauka ta nemo ƙasa a cikin kwazazzabo, babu mai hannuwa da zata kama ƙafar aksil guda.

Injiniya_MS:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce kawu, ban musa ba.

Baban_Ilham:
Kawu a yi haƙuri, Hilux ɗin dai ita Allah ya bani 😅 Na auna kamar yadda injiniya yace. Bayan ya fi gaba da kusan milimita 75, kuma gaban hagu ya fi gaban dama ƙasa da kamar milimita 10. Shi ma wannan matsala ce?

Abba_Tacoma:
Wannan karkatar ta gefe ɗaya sananniya ce, masu Tacoma (a-kori-kurar Toyota) a Amurka har suna da suna da suke kiranta da shi, don a Tacoma tankin mai da batir duk a hagu suke ga kuma direba, sai gefen ya ɗan fi nutsewa. Milimita 10 ba abin tada hankali ba ne. Akwai siririn sifesa da ake sawa a gefen da ya nutse kawai, kamar milimita 5 ko 6, ya ninku ya cike gibin. Amma in zaka canza sifirin ka bari sai sabon ya zauna tukuna ka sake awo, wataƙila ma tsohon sifirin ɗin gefen ne ya gaji.

Oga_Kanikawa:
Milimita 75 kenan inci 3. To kaga aƙalla inci 1 daga ciki na bamba da winci ne. Shawarata a matsayina na wanda yake kwance waɗannan abubuwa kullum: sayi sifirin da aka yi don nauyin bamba da winci, da shokazoban da ya dace da shi. Irin su Old Man Emu na kamfanin ARB na Ostiraliya suna rarraba sifirin ɗinsu ne bisa nauyi, akwai na motar da ba ta da komai a gaba, akwai na mai bamba kaɗai, akwai na mai bamba da winci. Dobinsons ma haka, Ironman ma haka. Kai na ukun ne naka. Zai dawo maka da abin da ka rasa ya ƙara maka kamar inci 1 da rabi zuwa 2 a kai, kuma dukan nan zai tafi don sifirin ɗin yana da ƙarfin ɗaukar kayan.

Amma fa a kula, wanda ba shi da bamba kada ya ga an ce mai ƙarfi ya fi ya je ya saya. Motar zata tashi fiye da kima ta yi tauri, kowane ɗan dutse sai ka ji shi a ƙugunka.

Sadik_Revo:
Bilstein 5100 fa? na ga ana ta yabonsa

Injiniya_MS:
Shi 5100 shokazoba ne da aka yi wa tsagi-tsagi a jiki, akwai zoben ƙarfe da kake matsarwa daga tsagi zuwa tsagi, mazaunin sifirin ya hau sama. Da sifirin ɗinka na asali kake amfani. Ya fi sifesan sama hankali saboda tsawon shokazoban an lissafa shi da motar, ba zai bar taya ta sauka fiye da yadda boljoyin da shaf zasu iya ɗauka ba. Ga wanda yake son daidaita gaba kawai babu ƙarin nauyi, zaɓi ne mai kyau. Amma ga Baban_Ilham sifirin ɗin asali ne dai zai ci gaba da ɗaukar kilo 100 da ba a yi shi dominsa ba.

Kuma bari in faɗi abin da ba a cika faɗa ba, duk waɗannan hanyoyin babu wadda ke ƙara wa taya tafiya sosai. Tayar gaban irin waɗannan motoci daga can sama zuwa can ƙasa tafiyarta ba ta wuce inci 8 ko kusa da haka ba. Kamfani ya ajiye motar a wajen tsakiya, taya tana da wurin hawa tana da wurin sauka. In ka ɗaga inci 2, yawanci daga wurin saukar ka ciro su. Shi ya sa motar da aka ɗaga da yawa take yin kwas-kwas in ta wuce kan tudu ko ta faɗa rami, tayar tana son sauka ta bi ƙasa amma ta ƙure, sai motar duka ta bi ta. Mutane su ce sifirin ya yi tauri, alhali ba taurin sifirin ba ne, wurin sauka ne ya ƙare.

Direba_Nura:
To wannan shi ne abin da ke faruwa da tawa kenan? Don tun da aka ɗaure toshan ba ɗin take dukana a gargada, ni na ɗauka ɗaurin ne ya sa ƙarfen ya yi tauri

Injiniya_MS:
Shi ne. Juya notin ba ya canza ƙarfin sandar, wurin zaman hannun kawai yake canzawa. Leƙa ka duba robar da ke tare hannun in taya ta sauka, ina kyautata zaton ta kusa taɓawa ko ma tana taɓawa motar na tsaye. Gwaji mai sauƙi: auna daga tsakiyar wili zuwa madigadi motar na ƙasa, sannan ka sa jak a shasi ka ɗaga har tayar ta rataya ka sake awo. Bambancin shi ne abin da ya rage maka na sauka. In bai kai inci 2 ba ni dai a ganina an wuce gona da iri, a sassauta.

Oga_Kanikawa:
Kuma Nura in za a taɓa notin nan a ɗaga motar tukuna nauyi ya sauka daga kan sandar, a wanke zaren a sa mai. Yara suna juya shi mota na ƙasa zaren ya cinye. A ƙirga juyin kowane gefe, a sauke, a ɗan zaga da motar ta zauna sannan a auna. Sannan sandunan akwai na hagu akwai na dama, da alama a jikinsu, ba a musanya su.

Direba_Nura:
Toh madalla. Zan duba gobe in sha Allah

Mai_Ranger_T6:
Ni abin da ya dame ni da wannan daidaitawar gaba ɗaya, bawan Allah yace yana yin lodi. In ka daidaita gaba da baya cif motar ba kaya, ranar da ka zuba rabin tan a baya me zai faru? Baya ya zauna, hanci ya kalli sama, sitiyari ya yi sakwas a hannu, fitilarka tana haska saman bishiya tana kashe wa masu tahowa ido. Na ga masu jan tirela da yawa a haka. Ni a nawa ra'ayin ka bar bayan ya fi gaba da ko inci 1 ne, kada ka kashe bambancin duka.

Maman_Hanif_Prado:
Maganar fitilar nan gaskiya ce wallahi, da daddare wasu motocin sai ka rantse dogon haske suka kunna alhali gajere ne.

Abba_Tacoma:
Gyaran wannan ai minti goma ne. Kafin a ɗaga motar ka tsaya gaban bango kamar mita 7 ko 8, ka kunna gajeren haske ka manna tef a inda hasken ya yanke. Bayan an gama aiki ka dawo daidai wurin ka juya sukurun bayan fitila har ya sauko. Mutane ne kawai basa yi.

Sadik_Revo:
Ni gsky ban taɓa gyara tawa ba kuma ba wanda ya min magana

Mai_Ranger_T6:
Suna maka magana da fitila kai ne baka ji 😂

Baban_Ilham:
@Mai_Ranger_T6 lodin ba kullum ba ne amma in na yi yana da nauyi. Kenan in na sa sifirin mai ƙarfi a gaba sai na taɓa bayan ma?

Mai_Ranger_T6:
Ka lissafa mana. Yanzu bambancinka 75. In sabon sifirin ya ɗaga gaban da 50 daga inda yake yanzu, saura 25, wannan daidai ne ka bar bayan yadda yake. In ya ɗaga fiye da haka har suka yi kai ɗaya to sai ka ƙara ganye ɗaya a sifirin ɗin baya ko ka sa balan-balan ɗin iska da ake hurawa ranar lodi.

Kawu_79:
Ganye. Balan-balan ƙaya ɗaya ta ishe shi a daji.

Oga_Kanikawa:
A nan ina bayan kawu.

Wani abu da ba a taɓo sosai ba shi ne alaimen. Duk abin da ka yi wa tsawon gaba, sifesa ne ko sifirin ko toshan ba, alaimen ya tashi daga aiki, dole a sake. In ba haka ba sabuwar taya zata cinye ta gefe ɗaya kafin ka ankara. Kuma ba na igiya da ido ba, na kwamfuta, a ba ka takarda ka ga kamba (jinginar taya ciki ko waje) da kasta da to (inda bakin taya ya dosa). Vigo tana da kusoshi masu kan ƙwai a hannun ƙasa da ake juyawa a gyara kamba da kasta, matsalar su tsatsa, a motar da ta sha ruwa da laka sai ka tarar sun manne da bushin sun ƙi juyawa, mai alaimen kuma ba zai faɗa maka ba, zai gyara to kaɗai ya karɓi kuɗinsa ya sallame ka. Ka sa a gwada su tun kafin a fara aiki.

Maman_Hanif_Prado:
Oga mene ne alamar kasta ta ragu, ga wanda ba makanike ba?

Oga_Kanikawa:
Hajiya in kika sha kwana kika saki sitiyari ai yana dawowa tsakiya da kansa, to aikin kasta kenan. In ta ragu zai riƙa dawowa da ƙyar, kuma a kan titi da gudu motar ba ta tsayawa a layi, kina ta gyara ta hagu dama hagu dama, tafiyar awa biyu ki sauko kafaɗa na ciwo. A inci 2 yawanci kusoshin asali suna iya dawo da ita kusa da daidai. Daga inci 2 da rabi zuwa 3 ne ake fara buƙatar afa-am na musamman, irin na kamfanin SPC, wanda aka ƙera da ƙarin kasta kuma boljoyin ɗinsa yana zaune daidai da sabon tsawon, ba ya kuma dukan sifirin in taya ta sauka.

Injiniya_MS:
Kuma Hajiya taki Prado 4x4 ɗinta kullum a kunne yake, shaf ɗin gaba kullum yana jan mota, don haka karkatar shaf ta fi shafar ki fiye da tsofaffin motoci masu makullin hob da ake buɗewa da hannu, su in an buɗe hob shaf ɗin ba ya ma juyawa. Abin da ke fara mutuwa robar shaf ce, ninkin robar yana gugar juna saboda karkata har ta tsage, giris ya fita ƙasa ta shiga, sai ki fara jin ƙas-ƙas-ƙas in kin karya kwana. Bayan an ɗaga mota a riƙa leƙa robar nan, in aka ga giris ya fantsama a cikin wili to ta fashe.

Abba_Tacoma:
Ai shi ya sa ake sa dif-drof, a sauke difa ɗin kamar inci 1 shaf ya ɗan miƙe

Mai_Ranger_T6:
Wannan abin ni ban yarda da shi ba. Gaban difa ɗin kawai yake saukewa, wajen da shaf ke fita ba ya sauka ko rabin haka, sannan ka tura farantin ƙasa ya ƙara kusa da dutse. Ka ɗaga mota don ka samu tsawo kuma ka dawo ka mayar da shi?

Abba_Tacoma:
Ko kaɗan ne ai ya rage wa robar wahala

Mai_Ranger_T6:
A inci 2 babu buƙata. A inci 3 kuma matsalarka ta fi ƙarfin dif-drof.

Sadik_Revo:
To ni tambayata taya. In na ɗaga inci 2 zan iya sa 285/70R17? dalilin da yasa na sa sifesan kenan tun farko

Injiniya_MS:
Motar na tsaye zata shiga ta yi kyau a hoto. Amma ka tuna ɗagawar ba ta canza inda taya ke kaiwa in ta hau sama, wurin dai shi ne. Ranar da ka karya sitiyari duka kana hawa gangare tayar ta dunƙule ciki, zata ci madigadi da mazaunin bodi da ke bayan taya kamar ba ka ɗaga komai ba. 265/65R17 tsawonta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kusan 803, ita kuwa 285/70R17 kusan 831 ga faɗi. Ta tsakiyar yawanci tana shiga da ɗan gyara kaɗan ko ma babu, ta ƙara maka kamar milimita 13 daga ƙasa har a difa ɗin baya wanda sifesa ba ya taɓawa, sai dai agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 da rabi cikin 100. Ta ƙarshen kuwa sai an yi yanka.

Sadik_Revo:
Yanka kuma? a'a a bar ni a 265

Kawu_79:
79 tana cin 285 ba a yanka komai ba.

Abba_Tacoma:
Kawu dan girman Allah 😂😂

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a. Inaga sifirin da shokazoba zan nema. In na samo zan iya ɗaurawa da kaina? Ina da jak da sifanu kuma ina ɗan taɓa aikin mota.

Oga_Kanikawa:
In an kawo maka shi a haɗe, sifirin a jikin shokazoba da hularsa ta sama, zaka iya, noti uku ne a sama da ƙusa ɗaya babba a ƙasa, sai ka saki sandar balans da boljoyin ɗin sama don hannun ya sauka, ka kula kada shaf ya zare daga difa kuma kada wayar ABS da tiyon birki su ja. Ka sa motar a kan ƙarfafan ƙafafu, ba jak kaɗai ba. Amma in sai an matse sifirin an haɗa, dan Allah kada ka yi da ƙananan maƙatan nan masu zare biyu, na ƙananan motoci ne. Sifirin ɗin 4x4 mai ɗaukar winci in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Kai wa mai injin matsewa na tsaye. Kuma notin tsakiya na saman shokazoba kada ka kusance shi in ba a matse sifirin ba.

Sai abu na ƙarshe, ƙusar ƙasan shokazoba da duk wata ƙusa da ta ratsa bushin roba, kada a ɗaure su tamau mota na rataye. A sauke ta ta zauna da nauyinta sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, bushin zai zauna a murɗe ya yage da wuri.

Mai_Ranger_T6:
Kuma kada ka tsorata in ka sauke ka ga gaban ya fi yadda kake tsammani tsawo, sabon sifirin yana ɗan zama bayan an yi tafiya da shi. A yi alaimen nan take don taya, in ya zauna a sake dubawa.

Sadik_Revo:
Ni har yanzu ina ganin da ya fara gwada sifesa, in bai yi ba ya cire, ai ba aure ba ne

Oga_Kanikawa:
Kwancewa biyu, alaimen biyu, kuma in shokazoba ya lanƙwashe a tsakiyar daji kai zaka je ka jawo shi?

Maman_Hanif_Prado:
Ni kuma tawa babu bamba babu winci, gaban kawai nake so ya daina gugar ƙasa in mun sauka rafi. Kenan ni 5100 ɗin ne ya dace da ni ko sifirin mai laushi na Old Man Emu? @Injiniya_MS

Injiniya_MS:
Hajiya shekarar motar nawa kuma an taɓa canza sifirin ɗin gaba? Prado 120 ta ƙarshe ma ta 2009 ce, in na asali ne har yanzu akwai yiwuwar ya gaji ya zauna, sabon sifirin daidai da na kamfani ma kaɗai zai iya dawo miki da wani abu. Ki auna huɗun nan tukuna. Sannan ki duba ko bayan taki sifirin ne ko mai iska ce, don wasu 120 ɗin balan-balan ne a baya da na'urar da ke auna tsawo, in haka ne lissafin ya canza.

Maman_Hanif_Prado:
2007 ce, ban san ko an taɓa canzawa ba. Bayan dai ina jin wani abu yana huci in an kashe mota

Oga_Kanikawa:
To mai iska ce. Hajiya ki fara sa a duba wannan hucin kafin maganar gaba, in balan-balan ɗin ko tiyonsa na yoyo awon da zaki yi yau daban na gobe da safe daban.